Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero (1881–1953) da Yaƙe-Yaƙen Duniya Biyu

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihi ya san yadda ake koyar da yaƙe-yaƙen duniya guda biyu. Akan fara da dalilan da suka haddasa su, a bi da sunayen ƙasashe da janar-janar, a ƙare da ranar da aka ajiye makamai. Ɗalibi yakan haddace sunan Sarayebo da Basai da Hiroshima, amma da wuya a nuna masa inda waɗannan al'amura suka taɓa gonar kakansa a Bichi ko Fanisau ko Ɗambatta. Wannan maƙala za ta bi rayuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda Kanawa suka fi sani da Sarki Alhaji, domin shi mutum ne da yaƙin farko ya same shi yana hakimi a karkarar arewacin Kano, na biyu kuma ya same shi bisa gadon Dabo. Ta hanyar rayuwarsa za a iya ganin yadda umurnin da aka yanke a Landan yake gangarowa har ya iso kan talaka mai fartanya.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Abdullahi Bayero a birnin Kano a shekarar 1881. Shi ɗa ne ga Sarkin Kano Muhammadu Abbas, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ɗan Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya kafa mulkin Sulluɓawa a Kano a 1819. Ya yi karatun Alƙur'ani da na littattafan addini a cikin gidan sarauta, kamar yadda aka saba ga 'ya'yan sarki na wancan zamani.

Ƙuruciyarsa ba ta zo a lokacin kwanciyar hankali ba. Yana da shekara goma sha biyu aka fara Basasar Kano a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, mahaifinsa kuwa yana cikin Yusufawa. Bayan Basasa, a zamanin Sarki Alu, sai yaƙe-yaƙen Kano da Damagaram suka addabi garuruwan arewacin ƙasar. Yana da shekara ashirin da biyu Turawan Ingila suka ci Kano, ranar 3 ga Fabrairu, 1903. A wannan shekara Gwamna Lugga ya naɗa Wambai Abbas Sarkin Kano. Saboda haka tun kafin Abdullahi ya riƙe wata ƙasa ya riga ya ga yaƙin gida, ya ga na maƙwabta, ya kuma ga irin abin da bindiga mai ruwa take yi wa mahaya dawaki. Wanda ya ga waɗannan abubuwa da idonsa ba zai yi wa ƙarfin Nasara kallon wasa ba, kuma wannan ya bayyana a duk yadda ya tafiyar da al'amuransa daga baya.

Ciroma a Karkarar Kano

Da Turawa suka zauna, sai suka kawo tsarin gundumomi. A da masu sarauta suna zaune a birni, jakadu ne ke zirga-zirga tsakaninsu da garuruwansu. Sabon tsari ya tilasta wa kowane hakimi ya fita ya zauna a ƙasarsa. Abdullahi Bayero, yana riƙe da sarautar Ciroma, shi aka ba shugabancin gundumomin da ke kewaye da birni. Ya fara zama a Dawakin Kudu, a 1914 ya koma Fanisau, arewa da birni, daga baya kuma ya zama hakimin Bichi.

Ya kamata a tsaya a dubi irin ƙasar da aka ba shi. Karkarar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a duk Afirka ta Yamma. Gona tana manne da gona, ba a barin saura, ba kuma dajin da za a sara a yi sabuwa. Abin da ke riƙe da ƙasar shi ne taki. Da rani akan ga jerin jakuna ɗauke da itace suna shiga birni, su komo da mangaloli cike da taki. Manomi yakan haɗa gero da dawa da wake a gona guda, ya bar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye saboda amfaninsu. A irin wannan ƙasa kowace kunya tana da lissafi. In aka ƙara wa wani amfanin gona fili, lalle an rage wa wani ne. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da yaƙe-yaƙen biyu suka yi wa talakan Kano.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga ciniki a 1912. Turawa sun sa ran auduga za su samu, amma manoma da fataken Kano suka zaɓi gyaɗa, don ta fi dacewa da jigawa, ana cin ta in abinci ya yanke, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Nan da nan kamfanoni suka kafa sikeli. Sai dai damina ta 1913 ta ɓaci ƙwarai, aka shiga mummunar yunwa a 1914, wadda ta hallaka mutane masu yawa, musamman a arewacin ƙasar Kano. Jama'a ba su gama binne matattunsu ba sai ga labarin yaƙi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Dalilan wannan yaƙi sun daɗe suna ruruwa a Turai. Manyan ƙasashe sun rabu gida biyu: Jamus da Ostiriya a gefe guda, Faransa da Rasha da Ingila a ɗaya gefen. Akwai gasar ƙera makamai da jiragen ruwa na yaƙi, akwai kuma gasar mallakar ƙasashen wasu, wadda ita ce ta kawo Turawa Kano tun da fari. Da aka harbe yariman Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yuni, 1914, sai kowace ƙasa ta bi abokiyar alkawarinta, Ingila ta shiga ranar 4 ga Agusta.

Yaƙin bai yi nisa da ƙasar Hausa ba, domin Kamaru a hannun Jamus take. Sojojin Nijeriya, waɗanda Hausawa suke da yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a Garwa, wadda ta faɗi a watan Yuni na 1915, da dutsen Mora, wanda bai miƙa wuya ba sai a Fabrairu, 1916. Daga nan aka kwashi wasu zuwa Afirka ta Gabas. Bayan soja kuma ana bukatar 'yan dako da dabbobi da hatsi, kuma hakimai da dagatai ne ake ɗora wa nemo su.

Akwai wata matsala da ta fi wannan nauyi ga sarakunan Musulmi. A watan Nuwamba na 1914 Daular Usmaniyya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, aka kuma yi shelar jihadi daga Santambul. Turawan mulki sun tsorata ƙwarai, suna gudun kada Musulmin Arewa su amsa kiran. Sarki Abbas da sauran manyan sarakuna suka tsaya tare da Ingila, har suka ba da gudummawar kuɗi daga baitulmalin En'e. Tsoron ya ƙaru a ƙarshen 1916, lokacin da Kawusan ya jagoranci Buzaye suka kewaye barikin Faransawa a Agadas. Aka tura sojoji daga Nijeriya don taimakon Faransa, aka kuma sa ido a kan duk garuruwan da ke hanyar arewa. Ciroma yana cikin hakiman da wannan hanya ta ratsa ƙasarsu, kuma ƙasar Kano ta zauna lafiya har aka ƙare.

Ga manomi kuwa, yaƙin ya zo ta wata fuska. An kori kamfanonin Jamus, waɗanda suke cikin masu sayen amfanin gona, jiragen ruwa suka yi ƙaranci, kayan kanti suka yi tsada, haraji kuma bai ragu ba. A ƙarshen shekarar 1918 kuma, sai annobar mura mai tsanani da ta game duniya ta iso, ta bi hanyar jirgin ƙasa har Kano. Abin da Ciroma ya koya a waɗannan shekaru shi ne, talakan karkara yana iya faɗawa yunwa saboda abin da ya faru a ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba.

Hawansa Gadon Sarauta

Sarki Abbas ya rasu a 1919, ɗan'uwansa Usman ya gaje shi. Da Sarki Usman ya rasu a 1926 sai aka naɗa Ciroma Abdullahi Bayero, aka ba shi sanda ranar 14 ga Fabrairu, 1927. Ya hau da shekaru masu yawa na sanin aikin gunduma.

A farkon mulkinsa aka rage ikon manyan bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, aka mai da al'amuran mulki hannun majalisa da ma'aikatun En'e. A zamaninsa aka buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki na birnin Kano a 1931, da kuɗin baitulmali, aka kuma kafa Makarantar Shari'a a 1934, wadda daga baya ta zama Makarantar Koyon Larabci. A 1934 ɗin ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman. A 1937 ya sauke farali, ya zama Sarkin Kano na farko da ya yi haka yana bisa gado, daga nan sunan Sarki Alhaji ya bi shi. A Makka ne ya sadu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, saduwar da ta yi babban tasiri ga ɗarikar Tijjaniyya a Kano.

Amma waɗannan shekaru ba su yi wa manomi daɗi ba. Karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta karya farashin gyaɗa, ga kuma fara da ta yi ta ɓarna a farkon shekarun 1930. Abin lura shi ne, wannan karaya da ta hana manomin Bichi kuɗin haraji, ita ce ta jefa miliyoyin Jamusawa cikin rashin aiki, ta share wa Hitila hanya.

Yaƙin Hitila

Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta ɗora wa Jamus laifin yaƙin farko, ta sa mata biyan diyya, ta ƙwace ƙasashen da ta mallaka, har da Kamaru da Togo. Hitila ya hau mulki a 1933 da alkawarin warware wannan yarjejeniya. Italiya ta mamaye Habasha a 1935, Japan ta afka wa Sin, Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci ta kasa taɓuka kome. Da Jamus ta shiga Folan ranar 1 ga Satumba, 1939, Ingila da Faransa suka yi shelar yaƙi bayan kwana biyu. Wannan karo labari bai jira fatake ba, domin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Janairu, 1939, tana kawo shi da Hausa, masu karatu suna karanta wa marasa karatu. Kafin yaƙin ya ƙare an kafa rediyon waya a birnin Kano, majigi kuma yana zagayawa.

Abu na farko da ya jawo Kano cikin yaƙin kai tsaye shi ne faɗuwar Faransa a watan Yuni na 1940. Gwamnan Cadi, Felis Ebuwe, ya bi Janar Digol, amma Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Bishi mai biyayya ga Jamus har zuwa Nuwamba, 1942. Wato iyakar da ke arewa da Kano da Katsina, wadda fatake da masu cin rani da makiyaya suke ƙetarawa kullum, ta zama iyaka tsakanin ɓangarori biyu masu gaba. Aka tsananta tsaro, cinikin dabbobi da kanwa da gishiri ya samu tangarɗa, fasa-ƙwauri ya yawaita.

Abu na biyu shi ne filin jirgin sama. Jiragen farko sun sauka a Kano tun 1925, amma yaƙin ne ya ɗaukaka filin. Da Bahar Rum ya zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gwalkwas, a harhaɗa su, su taso ta Ikko, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Fallomi da Hartum har Alƙahira. An fara wannan a Satumba, 1940, kuma dubban jirage sun bi ta nan, daga baya har da na Amurka. Filin yana arewa da birni, a tsakiyar gonakin ƙasar da Sarki ya taɓa riƙewa yana Ciroma. Faɗaɗa shi ya ci ƙasar noma, ya kuma ci ƙarfin 'yan ƙwadago masu yawa.

Abu na uku shi ne ɗaukar soja. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka nemo samari. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Daga 1943 aka kai runduna ta 81, sa'an nan ta 82, zuwa Indiya da ƙasar Bama, inda suka fafata da Japan a kwarin Kaladan, suka ci garin Miyohon a Janairu, 1945. Sunayen wasu barikoki, kamar Cindit a Zariya da Dalet a Kaduna, daga wannan yaƙi suka samo asali. Da yawa daga cikin waɗanda suka tafi 'ya'yan manoma ne, kuma kowane saurayi da ya tafi hannu guda ne ya ragu a gandun ubansa.

Abu na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi a karkarar Kano, shi ne gyaɗa. Da Japan ta ci Malaya da Singafo a farkon 1942, Ingila ta rasa kuza da roba da man girki da take samu daga gabas, sai ta juyo Afirka ta Yamma. A Jos aka shiga aikin dole a ma'adinan kuza daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa tara hatsi daga lardunan Arewa don ciyar da ma'aikata da sojoji. Kano kuwa, babban abin da aka nema daga gare ta shi ne gyaɗa. Gwamnati ta karɓe cinikinta, ita ke yanke farashi, kamfanoni suna saye a madadinta. Razdan ya faɗa wa Sarki, Sarki ya faɗa wa hakimai, hakimai suka faɗa wa dagatai da masu unguwanni, kowa aka ce ya ƙara shuka.

A nan ne maganar da aka yi a baya game da ƙarancin ƙasa take da muhimmanci. Manomin Fanisau ko Minjibir ba shi da dajin da zai sara. In ya ƙara gyaɗa, gero ya rage. Kuɗin da zai samu kuma ba su sayen abin da suke saya a da, domin gishiri da kananzir da yadi sun yi wuya, sun yi tsada. Damina ta 1942 ta zo da rauni a wurare da dama, hatsi ya hau, aka shiga ƙuncin da a sassan ƙasar Hausa ake tunawa da sunan 'Yar Gusau. Manoma da yawa sun bi hankalinsu, suka fifita rumbu a kan sikeli, wannan kuwa ya sa jami'an mulki suka ƙara matsa wa hakimai lamba. Sarki Alhaji yana tsakiyar wannan ja-in-ja. A sama akwai gwamnatin da ke yaƙin ceton kanta, wadda ba ta karɓar uzuri. A ƙasa akwai talakawan da ya san gonakinsu, ya kuma ga yadda yunwa ta yi da su a 1914. Ya ba Ingila goyon baya a fili, En'e ta Kano ta ba da gudummawa ga asusun yaƙi, ƙasarsa kuma ba ta yi bore ba.

Bayan Yaƙi

Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu na 1945, Japan a watan Agusta. Amma duniyar da yaƙin ya bari ba irin ta da ba ce. Mazan jiya suka komo gida sun ga Indiya tana neman 'yanci, sun ga Bature yana jin tsoro yana mutuwa kamar kowa, wasu sun koyi tuƙi da kanikanci da karatun boko. Hanyar jirgin ƙasa ta gaji, ba isassun kawunan jirgi da taragu, sai buhunan gyaɗa suka taru a Kano, dalar gyaɗa ta zama alamar birnin. Tsarin sayen gyaɗa na lokacin yaƙi bai tafi da yaƙin ba, ya rikiɗe ya zama hukumar cinikin gyaɗa a 1949, wadda ta ci gaba da biyan manomi ƙasa da farashin duniya tana tara rarar.

Siyasa ma ta shigo. Tsarin mulkin Gwamna Ricas ya kafa Majalisar Sarakuna a Kaduna, Sarkin Kano yana cikin manyanta. Ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta, babbar manufarta kuwa ita ce 'yantar da talaka daga zaluncin En'e. Ƙorafe-ƙorafen da ta ɗauka, na haraji da aikin tilas da danniyar wasu hakimai da dagatai, shekarun yaƙi sun ƙara musu kaifi, shi ya sa kiranta ya samu masu saurare har a ƙauyuka. A lokacin Sarki ya tsufa, yawancin harkokin yau da kullum sun koma hannun babban ɗansa, Ciroma Muhammadu Sanusi. A 1951 aka buɗe sabon Masallacin Juma'a na birni, aikin da ya daɗe yana buri. A watan Mayu na 1953 kuma aka yi tarzomar Kano a kan batun lokacin karɓar mulkin kai, mutane fiye da 30 suka rasu.

Allah ya yi wa Sarki Alhaji rasuwa ranar 23 ga Disamba, 1953, bayan shekara 27 yana sarauta, aka binne shi a gidan sarki na Nasarawa. Ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi, sa'an nan ƙanensa Muhammadu Inuwa, sa'an nan ɗansa Ado Bayero, wanda ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014. Sunansa aka sa wa Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Kammalawa

Kanawa suna tuna Sarki Alhaji da tsoron Allah da haƙuri da son malamai, kuma ayyukan da aka yi a zamaninsa shaida ne a kansa. Duk da haka mai nazarin tarihi ba zai tsaya nan ba. Tilas ya tambaya, wa ya biya kuɗin famfo da lantarki da gudummawar yaƙi? Amsar ita ce manomin karkara, ta hanyar haraji da jangali da gyaɗar da aka saya da farashin da ba shi ya yanka ba. Tilas kuma ya yi adalci, ya tuna cewa sarkin da ke ƙarƙashin Razdan ba shi da ikon cewa a'a, ya ga yadda aka tuɓe waɗanda suka gwada, abin da ya rage masa shi ne sassauta umurni in ya iso hannunsa, da kiyaye abin da zai iya kiyayewa na addini da mutuncin jama'arsa. Tsakanin waɗannan ma'aunai biyu ne za a auna shi.

Akwai kuma aikin da ke jiran ɗaliban Hausa da na tarihi. Mazan jiya da manoman da suka ga Yaƙin Hitila kusan duk sun shuɗe, amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan a garuruwan arewacin Kano, suna riƙe da labaran da aka ba su, da sunayen shekarun yunwa, da kalmomin da soja suka shigo da su cikin harshe. In ba a tattara waɗannan an rubuta ba, darasin yaƙin duniya zai ci gaba da zama labarin Turai kaɗai, alhali kuwa Kano ta ba da 'ya'yanta da gonakinta da guminta a cikinsa.